MATAR DA AKA HANA WA ALƘALAMI



Yau ba maganar taki ko ta irin gero za mu yi ba. Wani labari ne na karanta, ya tsaya mani a rai, na ce bari in kawo maku shi mu duba tare. Labarin ƙasar Amurka ne. Wata mace ce ta rubuta shi, sunanta Sharlot Gilman. An fara buga shi cikin wata mujalla ta birnin Boston, a watan Janairu na 1892. Da Ingilishi sunansa The Yellow Wallpaper, watau takardar bango mai ruwan ɗorawa. Labari ne ƙagagge, amma babu Gizo babu Ƙoƙi a ciki. Gajere ne ƙwarai. Wanda ya saba da karatu yana gama shi tsakanin magariba da lisha.

Kafin mu shiga, bari in gaya maka mi ake nufi da takardar bango. Ka san yadda amarya take yi wa ɗakinta ado da jeren kwanoni da tasoshi. To, Turawa su wata takarda ce mai zane-zane suke saye, su manna ta ga bangon ɗaki tun daga ƙasa har sama. Wata mai furanni, wata mai layi-layi. Wadda ke cikin labarinmu mummuna ce, ta tsufa, launinta kamar garin ɗorawa da ya daɗe cikin tukunya.

Ga yadda labarin yake

Wata mace ce ta haihu ba da daɗewa ba. Tun da ta haihu ba ta jin daɗin ranta. Kuka yana zo mata ba dalili. Abu kaɗan ya gajiyar da ita. Tana son jinjirinta, amma in ta zauna kusa da shi sai hankalinta ya tashi, don haka wata mai reno ce take riƙe da shi.

Mijinta, Jon, likita ne. Ɗan uwanta ma likita ne. Su biyun bakinsu ɗaya: babu wani babban ciwo gare ta, ƴar gajiyar jijiya ce, hutu ne maganinta. Jon ya kama hayar wani tsohon gida babba a bayan gari, na wata uku. Ita ta so wani ɗaki na ƙasa, wanda ke kallon furanni. Ya ce a'a, ɗakin sama ya fi iska. Ya tsara mata yini duka: lokacin ci, lokacin magani, lokacin kwanciya. Ba aiki, ba baƙi masu sa hira. Abin da ya fi yi mata ciwo, ya hana ta rubutu, alhali rubutu shi ne abin da ta iya, shi ne kuma yake rage mata nauyin zuciya. Ƙanwar Jon, Jeni, ita ke kula da gida, ita ke kuma sa mata ido in ya fita.

Mutum ya wuni ya kwana cikin ɗaki ɗaya, ba aiki ba hira, mi zai kalla? Bango. Ta shiga bin zanen takardar nan da ido, tana neman inda ya faro da inda ya ƙare, ba ta samu ba. Sannu-sannu ta fara ganin kamar akwai wani abu bayan zanen. Da dare, in farin wata ya shigo, zanen ya koma mata kamar sandunan ƙarfe, bayansu kuma ga wata mace a duƙe, tana girgiza su, tana son fita. Daga baya ta riƙa hango matar nan da rana tana rarrafe cikin lambu. Ran da hayar gida za ta ƙare, ta kulle kanta cikin ɗaki, ta jefa mabuɗi ta taga, ta shiga yage takardar don ta fid da matar. Da ta gama, sai ta ɗauka ita ce matar da ta fito daga bango. Jon ya zo, ya buga ƙofa, har ya nemi gatari. Ta gaya masa inda mabuɗi yake. Ya buɗe, ya tarar da matarsa tana rarrafe tana zagaya ɗaki, kafaɗarta na gogar bango. Ta waiwayo ta shaida masa ta fita, ba mai iya mai da ita ciki. Likita ya faɗi sumamme. Ita ko ta ci gaba da zagayenta, duk lokacin da ta iso gare shi sai ta haye ta bisa kansa ta wuce.

Nan labarin ya tsaya.

Wa ke ba da labarin?

A nan gwanintar Gilman take. Ba wani ne yake ba mu labarin matar ba. Ita ce da kanta. Abin da muke karantawa shi ne rubutun da take yi a ɓoye. Tana cikin magana sai ta ce ga Jon nan tafe, bari ta ɓoye takarda, maganar ta yanke. Kai mai karatu ka zama abokin sirrinta, kai kaɗai take gaya wa abin da ke ranta. Ke da kika fara zuwa makarantar yaƙi da jahilci, kina ɓoye littafinki ƙarƙashin tabarma don kada a yi maki dariya, kin san wannan hali.

Sa'an nan duba wata dabara. Matar tana lissafa mana abin da ke cikin ɗakin. Tagogi da sandunan ƙarfe. Zobba na ƙarfe a kafe ga bango. Gado mai nauyi, an kafe shi da ƙusa ga daɓe, an kuma gaigaye katakonsa. Ƙyaure a bakin matakala. Takardar bango an yage ta wuri-wuri, musamman kewaye da gado. Ita cewa take ɗakin wasan yara ne a da, yaran ne suka yi ɓarna. Amma kai da kake karatu, gabanka sai ya faɗi. Waɗanne irin yara ne ake kafe wa zobba ga bango? Marubuciyar ba ta ce komi ba. Ta ajiye kayan a gabanka, ta bar ka ka yi lissafi da kanka. Can wajen ƙarshe, da matar ta kasa ture gadon, haushi ya kama ta, ta ciji katakon da haƙoranta. A nan za ka koma baya ka tambayi kanka ko tun farko wa ya gaigaye shi.

Maganarta ma tana sakewa. Da farko magana ce ta mai hankali, har da raha, tana yi wa mijinta uzuri. Ana tafiya sai ta riƙa zuwa guntu-guntu, cike da zargi. Ta kama Jeni tana taɓa takardar, ta ce so take ta riga ta gano asirin. Ba wanda ya zo ya ce mana matar nan ta taɓu. Daga bakinta muka ji.

Jon ba mugu ba ne

Wannan shi ne wurin da nike son mu daɗe. Da a ce Jon mai duka ne, ko mashayi, ko mai hana abinci, da labarin ya yi sauƙi. Kowa ya ce Allah wadai, a tashi. To, ba haka yake ba. Yana son matarsa. Ya kashe kuɗi ya kama gida dominta. In ta yi kuka ya ɗauke ta ya kai ta gado, ya zauna yana yi mata karatu har ta gaji. Yana kiran ta da sunaye masu daɗi, amma irin waɗanda ake kiran ƙaramar yarinya da su. In ta kawo magana ya yi dariya. Ta ce a sake takardar bango, ya fara yarda, sa'an nan ya ce in an biye mata gobe gado za ta ce a sake, jibi taga. Ta roƙa a bar ta ta je ganin danginta, ya ce ba ta da ƙarfi. Da ta so ta nuna masa tana da ƙarfi, kuka ya ci ƙarfinta tun ba ta gama magana ba, kukan kuma ya zama masa shaida.

Akwai wani dare da ya fi kowane wuri cikin labarin taɓa ni. Farin wata ya cika ɗaki. Ta tattara ƙarfin halinta ta gaya masa wurin nan bai karɓe ta ba, ya ɗauke ta su tafi. Ya ce saura mako uku hayar ta ƙare, gidansu kuma ana gyara. Ya ce ta yi ƙiba, tana cin abinci, shi likita ne ya sani. Ta buɗe baki za ta ce jiki ne ya samu sauƙi, amma hankali fa. Ba ta ƙarasa ba. Ya tashi zaune ya yi mata wani kallo, ya roƙe ta saboda shi da saboda ɗansu kada ta sake barin wannan tunani ya shigo mata. Ta yi shiru. Daga wannan dare ba ta ƙara gaya masa gaskiya ba. Ta koma yin kamar tana barci, tana cin abinci, tana murmushi. Shi ko yana murna magani ya ci.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan mai ɗaki ta nuna wurin da yatsa, aka ce mata ba ta sani ba. Kuma ina za ta kai ƙara? Mace in miji ya matsa mata, tana iya gaya wa likita. In likita ya matsa mata, tana iya gaya wa miji. Ita nata mijin shi ne likitan. In ta je wajen danginta, ɗan uwanta ma likita ne, ya riga ya yarda da maganar Jon. Jeni kuwa, ko da yake an ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, ta gaskata cewa rubutu ne ya jawo ciwon.

Na san wata daga cikinku za ta yi dariya ta ce: ni da nike daka, nike ɗebo ruwa, nike zuwa itace da goyo a baya, a ce mani in kwanta wata uku? Ai da na gode Allah! Gaskiyarki. Amma dubi mai biƙi a wajenmu. Tana hutawa kwana arba'in, sau da yawa a gidan iyayenta in haihuwar fari ce. Ga uwa, ga gwaggo, ga masu zuwa barka, ɗaki ba ya rabuwa da mutane. Matar Jon an ba ta hutun, an ɗauke mata mutanen. An ɗauke mata aikin da take so, an kuma hana ta faɗin abin da take ji.

Daga ina Gilman ta samo labarin?

Daga jikinta. An haife ta a 1860. Ta yi aure a 1884, ta haifi ɗiya mace a 1885, baƙin ciki mai nauyi ya kwantar da ita. A 1887 ta je birnin Filadelfiya wajen wani mashahurin likitan jijiya, Wiya Micel. Shi ne ya yi suna da maganin hutu: a raba mara lafiya da danginta, a kwantar da ita mako shida ko takwas, a dura mata madara da abinci mai maiƙo, a riƙa murza mata jiki, ba karatu ba rubutu. Da zai sallami Gilman ya ce ta koma ta riƙe gida, ta zauna da ɗiyarta kullum, kada aikin tunani ya wuce awa biyu a yini, kada kuma ta sake taɓa alƙalami muddin ranta. Ta bi umurnin wajen wata uku. Ita da kanta ta rubuta daga baya, a 1913, cewa saura kaɗan hankalinta ya gushe ɗungum. Sai ta watsar da dokar likita ta koma aiki. A 1888 ta rabu da mijin, ta tafi Kalifoniya da ɗiyarta.

Abin lura, wannan likita in namiji ne ya zo masa da irin wannan ciwo, yakan tura shi yammacin ƙasar, ya hau doki, ya yi farauta, ya kwana a daji. Ciwo ɗaya, magani biyu. Gilman ba ta ji tsoro ba, ta sa sunan likitan cikin labarin: Jon yana tsorata matarsa da cewa in ba ta warke da wuri ba, wajen Micel zai aika ta.

Shin ta ci nasara?

A nan masu nazarin littattafai suka rabu. Wasu sun ce matar ta yi nasara. Ta yage takarda, ta kulle ƙofa da hannunta, ta sa maigida ya tafi neman mabuɗi cikin ganye, ga shi kwance ita tana hayewa ta kansa. Namiji kuma ya suma, abin da Turawan wancan zamani suke cewa halin mata ne. Suka ce haukarta tawaye ce.

Masu wannan ra'ayi sukan kawo wani littafi na Ingila, Jane Eyre, wanda Sharlot Bronte ta fitar a 1847. A ciki akwai wani attajiri, Rocesta, wanda ya auro wata mace mai suna Barta daga tsibirin Jamaika saboda dukiyarta. Ya ce ta haukace, ya kulle ta a ɗakin can sama shekara da shekaru, da mai gadi, har ya nemi auren wata a ɓoye. A ƙarshe Barta ta cinna wa gidan wuta, ta faɗo daga rufi ta mutu, shi kuma ya makance, ya rasa hannu ɗaya. A 1979 wasu malamai mata biyu na Amurka, Sandra Gilbat da Suzan Guba, suka rubuta babban littafi a kan irin waɗannan mata da aka kulle. Suka ce fushin da marubuta mata ba su iya furtawa a fili ba, shi suke zubawa cikin mahaukaciyar.

Akwai gaskiya a maganarsu, amma ni ban bi su har ƙarshe ba. Barta ta ƙone gida, ta kuma mutu. Cikin littafin duka ba a ba ta baki ta faɗi nata ba. Sai a 1966 wata marubuciya haifaffiyar tsibirin Dominika, Jin Ris, ta rubuta wani littafi dabam ta ba da labarin daga wajen matar. Matar Jon kuwa, a ƙarshe tana rarrafe ne, ba tsaye take ba. Ta ɗaure kanta da igiya. Ba ta ko son fita waje. Suma kuma ba mutuwa ba ce. Jon zai farfaɗo, kuma kowa ya san inda za a kai ta bayan haka. Jinjirin fa? Wanda ya taɓa ganin ƴar uwarsa cikin wannan ciwo ba zai kira shi nasara ba.

A ganina tawayenta yana can baya, cikin takardun da ta ɓoye. An ce kada ta rubuta, ta rubuta. An ce lafiyarta lau, ta rubuta cewa ita ba ta yarda ba, aiki da ganin mutane su ne za su yi mata magani. Ta fi likitoci biyu sanin ciwonta. Haukar ta zo ne bayan an toshe duk wata ƙofa. Ita Gilman, wadda ta tsira, ba ta hanyar hauka ta tsira ba. Alƙalaminta ta ɗauka, ta rubuta littattafai da dama, har ta rasu a 1935.

Ba zan ce labarin ba shi da aibi ba. Duniyarsa ta masu hali ce. Matar da ke renon jinjirin, sunanta kawai muka ji, Meri, ba a tambayi tata gajiyar ba. Ita Gilman ɗin ma, duk da faɗan da ta yi wa mata, ta rubuta maganganu marasa daɗi a kan baƙar fata na ƙasarta. Wannan ma ya kamata ka sani.

Labarin bai faɗi sunan ciwon ba. Likitoci na yanzu sun san shi: baƙin cikin da ke kama mace bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma tana gamuwa da irinsa. Akwai kuma mai tsanani, wanda mace take gani ko jin abin da babu, yana samun ɗaya ko biyu cikin haihuwa 1000, shi kam sai an gaggauta kai ta gidan likita. Duka biyu suna da magani, kuma cikin maganin akwai sauraren mara lafiya. A ƙauyukanmu in mai biƙi ta yi shiru, ta daina ci, tana kuka, mukan ce iska ce, ko kewar gida, ko shagwaɓa. Jon ma suna ya ba abin, ya ce ƴar gajiya ce, ya huta da tambaya.

Da aka buga labarin, Gilman ta aika wa likita Micel da shi. Bai ba ta amsa ba. Ta ce daga baya ta ji wai ya sake hanyar maganinsa bayan ya karanta, amma masu bincike sun duba ba su ga alamar haka ba, ya ci gaba da yabon maganin hutu har tsufansa. Shekaru da yawa mutane suna ɗaukar labarin na ban tsoro ne kawai, irin na fatalwa. Sai a 1973 wata maɗaba'a ta mata a Amurka ta sake buga shi, aka fara karanta shi da wani ido.

In kun taru a aji, malam ya karanta maku wannan, ku yi gardama a kan daren farin watan nan: mi ya kamata Jon ya yi da matarsa ta buɗe baki? Wanda ya iya riƙe alƙalami ya rubuto mana amsarsa, ko layi uku ne. Wasiƙun mata muka fi jira.